Motar da Halliru Ya Zaɓa

Idan ka tambayi mutanen Wudil ina gidan Halliru, za su ce maka wane Hallirun? Amma ka ce Halliru direban Alhaji Magaji, ko mai sayar da rake a bakin gada zai nuna maka layin. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sitiyarin mutum guda, har sunan ubangidan nasa ya manne a jikin nasa, ya ture na mahaifinsa.

Haifaffen Utai ne. Mahaifinsa manomi ne na a-zo-a-gani, amma shi fartanya ba ta karɓe shi ba, ko kunya biyar ya yi sai ya miƙe yana kallon titi. Da tifa ya fara, yana kwasar yashi daga bakin kogi. Wata Juma'a ya shiga Kara, kasuwar shanu, da tifar cike, hanya ta toshe, ya dawo da ita da baya ta tsakiyar shanu, ko ƙaho ɗaya bai goga ba. Alhaji Magaji, wanda a lokacin yake tashen fataucin shanu, yana zaune a rumfarsa yana kallo. Ya aika aka kira shi, ya ce, "Kai, gobe ka zo gidana da safe." Halliru ya je, aka miƙa masa makulli, shi ke nan zama ya ɗore.

Ba direban surutu ba ne. Abin da aka faɗa a cikin mota, a cikin mota yake kwana. Ba ya danna hon sai dole, ba ya karin kumallo sai ya wanke mota. Abu ɗaya ne ba ya iya riƙewa a ciki, wato cewa tunda yake tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba. Wannan kam ba ya jiran a tambaye shi. Matarsa Ikilima ta ji shi ya fi sau dubu, har takan ƙarasa masa maganar tun kafin ya kai ƙarshe.

Shi kuwa Alhaji Magaji ya tasam ma tamanin. 'Ya'yansa maza sun karɓi harkar shanu, ba ya bukatar zuwa ko'ina. Amma duk Juma'a, ko ana ruwa ko ana rana, sai ya sa babbar riga an kai shi Kara. Zai zauna a kan buzunsa, a kawo masa goro, ya dubi bijimi daga nesa ya faɗi garin da aka taso shi. Sauran kwana shidan mako jira kawai yake yi. Gwiwoyinsa sun daɗe suna ba shi wahala, sai dai bai taɓa yarda wani ya kama masa hannu a gaban jama'a ba. Yakan ce mutanen Kara ƙafa suke fara kallo, ta saniya da ta mutum duka, kuma ranar da suka ga an tallafe ka, sun gama da kai ko da suna gaishe ka.

To, abin da Wudil ba ta sani ba shi ne shekara biyu ke nan idon Halliru na hagu ya fara mutuwa. Da farko kamar hayaƙin girki ne yake gilmawa, daga baya hayaƙin ya zauna. Ikilima ce ta fara ganewa, ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska.

"Malam, yanar ido ce fa. Irin ta Inna. Ka je asibiti a cire maka."

"Ke, gajiya ce."

"Gajiya a ido ɗaya?"

Ba asibitin yake tsoro ba. Ya san ranar da maganar ta kai kunnen 'ya'yan Alhaji, za a yi masa godiya mai daɗi, a ba shi turmin shadda, a karɓe makulli. Kuma mutumin da ya shekara talatin ana kiransa direban wane, idan aka cire direban, me ya rage? Sai ya koyi dabaru. Ya riƙa juya wuya gaba ɗaya kamar mai ciwon kafaɗa, ya rage gudu, ya dogara da hanyoyin da ya haddace. Wata rana wajen Dagumawa, wata mai nono ta fito ta hagunsa da ƙwarya a ka. Bai gan ta ba sam. Ihunta kawai ya ji, ya taka burki, ƙwaryar ta tarwatse a kwalta, ita Allah ya tsare. Alhaji yana gyangyaɗi a gefe, ya buɗe ido ya ce me ya faru, Halliru ya ce akuya ce.

Ana cikin haka fetur ya yi tashin gwauron zabi. Tsohuwar jif ɗin Alhaji kuwa shan mai take kamar an huda mata ciki. 'Yarsa Dakta Rahinatu, wadda ke koyarwa a jami'a nan Wudil, ta riga ta lulluɓe rufin gidan da sola, sai ta ce tunda ga rana Allah ya hore, za ta saya wa mahaifinta motar lantarki, a riƙa yi mata caji a gida kamar waya. Ta ce ya shirya su je Kano ya zaɓa.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ni mota saniya ce da zan san mai kyau? Ki tafi da Halliru. Abin da ya ce, shi na ce."

Ranar Talata suka tafi. Rahinatu dai Halliru ne ya riƙa kai ta firamare tana kuka a bayan mota, har yau Baba Halliru take ce masa, kuma ba ta taɓa jin ya yi ƙarya ba.

A wurin sayar da motocin, wani matashi mai suna Jamil, ya sha kwat cikin wannan zafi, ya kai su gaban jif guda biyu. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, fuska iri ɗaya, kai ka ce ya da ƙanwa. Ƙaramar mai kujera biyar ce, gajeriya, shigarta kamar ka zauna a kujerar falo. Babbar mai kujera bakwai, doguwa, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka hau. Jamil ya yi ta zuba bayani, rabi Hausa rabi Turanci, cewa ƙaramar za ta je Kano ta dawo sau uku da caji ɗaya, babbar sau huɗu har da ɗori. Halliru yana gyaɗa kai, yana leƙa inda inji ya kamata ya kasance bai ga komai ba sai wurin ajiye kaya.

Aka ce ya ɗana su. Ya fara da ƙaramar, ya zaga ya dawo, ya ce ba laifi. Ya hau babbar, Jamil a gefensa, Rahinatu a baya. Suna fita titi, zai karkata hagu, sai motar ta yi wata 'yar ƙara, tit-tit-tit, sitiyarin ya yi rawa a hannunsa, allon da ke gabansa ya nuna masa adaidaita sahu tana nan daf da ƙofarsa. Wallahi bai gan ta ba.

"Ka gani, Baba?" in ji Jamil cikin jin daɗi. "Kyamara ce ta kowane gefe. Ko mutum ne ya gifta ba ka lura ba, da kanta za ta taka burki. Ƙaramar ba ta da wannan, ta baya kawai gare ta."

Halliru ya gyaɗa kai. A ransa kuwa ya riga ya gama lissafi: wannan ba mota ba ce, idon hagu ne aka ɗora wa taya huɗu.

Da suka dawo, Rahinatu ta tsaya tsakanin motocin biyu tana kallonsu. Ta buɗe ƙofar babbar, ta auna tsayin matakin da idonta, ta ce, "Baba Halliru, ni fa ƙaramar ta fi kwanta min. Ka san gwiwar Baba. Wannan ko ni sai da na dafa."

Nan ne wurin. Da ya ce to, da labarin ya ƙare a nan. Ya san gwiwar Alhaji fiye da ita, shi ke jin nishin da tsohon yake ɓoyewa duk lokacin da zai sauka. Amma sai ya gyara hula, ya yi muryar masana, ya ce, "Dakta, gaskiyarki. Sai dai ki tuna hanyar gonar Achika da damina. Kin ji ya ce batirin a ƙarƙashin ciki yake. Gajeriyar nan idan ta shiga wancan kwatamin, sai dai a kira tarakta."

Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, hanyar Achika da damina ba ta da kyau. Sai dai rabon Alhaji da taka gonar nan shekara uku ke nan, kuma Halliru ya fi kowa sani, tunda shi ne zai kai shi. Rahinatu ta ce, "To, kai ka san hanya." Ta juya ta ce wa Jamil babbar za su ɗauka.

Ranar da aka kawo ta, unguwa ta cika. Halliru ya yi dabara ya jingina ta da dakalin ƙofar gida, yadda Alhaji zai tako daga kan dakalin ya zarce ciki kai tsaye. Tsohon ya zauna, ya shafa kujerar, ya ce, "Kai, Halliru, ka iya zaɓe." Halliru ya ce Allah ya sa alheri, yana kallon wani wuri.

A Kara babu dakali. Tun daren Alhamis abin yake cin Halliru, da asuba ya ɗauki kujerar tsugunno ta Ikilima, wadda take zama a kai idan tana tuƙin tuwo, ya jefa a but ɗin motar. Saukowa ba ta yi wuya sosai ba, Alhaji ya zamo a hankali yana riƙe da ƙofa. Dillalai suka kewaye motar suna mamakin yadda ta shigo ba a ji ta ba, har shanun ma ba su matsa ba sai da aka kore su. Aka yi hira, aka ci goro, rana ta yi sama, lokacin tafiya masallaci ya yi.

Alhaji ya zo bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafar dama, ba ta kai ba. Ya sake, ba ta kai ba. Halliru ya zagaya da sauri ya ajiye kujerar a ƙasa.

Akwai wani tsohon dillali, Auta, taubashin Alhaji ne, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Yana hango kujerar ya ɗaga murya, "A'a! Magaji, tuwo za ka tuƙa mana ne? Ina muciyar?"

Kara ta kwashe da dariya. Alhaji ma ya yi, ya ce, "Ɗan banza, kai za ka fara ci." Ya ɗora ƙafa a kan kujerar. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasar duk taɓo ce da kashin shanu. Kujerar ta zame, tsohon ya tafi da baya, hularsa ta faɗi. Mutum biyu suka tare shi ta hammata kafin ya kai ƙasa, kuma saboda tausayi, ba su tsaya nan ba, suka ɗaga shi cak suka sa shi a mota kamar buhun gero. Dariyar ta ɗauke. Auta ne ya tsinci hular, ya kaɗe ta, ya miƙa ta taga da hannu biyu, yana cewa, "Sannu, Alhaji. Sannu." Shekara hamsin bai taɓa kiransa Alhaji ba sai ranar.

Da tsohuwar jif ce, ƙarar inji za ta rufa musu asiri a hanya. Wannan kuwa ba ta da ƙara. Halliru yana jin numfashin tsohon, yana jin ƙarar carbinsa, har suka isa gida.

Juma'a ta gaba Alhaji ya ce yana jin mura. Ta bayanta ya ce baƙi za su zo. Daga nan ya daina ba da dalili, Halliru ma ya daina tambaya. Masallacin Juma'a ma ya koma na kusa, da sanda, daga baya shi ma ya gagara. Mutumin da bai san zaman gida ba ya koma kan tabarma a soro, rediyo a gefe, abinci ana kawowa ana mayarwa. Ƙafafun da dā ake lallaɓa su da fitar mako-mako suka samu yadda suke so, suka sandare.

Halliru kuwa aikinsa ya yi sauƙi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Yana kai matan gida biki, yana kai jikoki makaranta, motar tana yi masa tit-tit a hagu tana cetonsa. Duk ƙarar da ta yi, sai ya ji kamar an ambaci sunansa a gaban alƙali. Ya rame. Ikilima ta zuba masa ido wata biyu, ran nan ta ajiye masa tuwo ta zauna a ƙasa, tunda kujerarta har yau tana but.

"Malam, ni ba kujerata ce ta dame ni ba. Amma bawan Allahn nan ya ce abin da ka ce shi ya ce. Kai kuma ka je ka zaɓo wa idonka mota."

"Ikilima!"

"Na yi ƙarya? In na yi ƙarya ka ce na yi."

Bai ce ba. Tuwon ma bai ci ba. Sau uku yana zuwa soron da niyyar magana, sau uku yana ɓigewa da labarin ruwan sama da farashin taki.

Wata Alhamis bayan la'asar, wata huɗu da faruwar abin, yana goge gilashin motar a ƙofar gida, sai Alhaji ya kira shi. Daga soron ana jiyo kukan shanun da ake korowa ta kan gada don kasuwar gobe. Tsohon ya kasa kunne, can ya ce, "Halliru, kada ka ga na daina shiga motar nan ka zaci raina ta na yi. Ka zaɓo abu na gani na faɗa. Ni ne na gaza. Kullum sai na zauna ina tsine wa gwiwoyin nan, sun kunyata ni, sun kunyata zaɓinka."

Halliru ya matso. Ya durƙusa a bakin tabarmar, tsumman goge mota a hannunsa, ya faɗi komai. Ya faɗi idon, ya faɗi mai nonon Dagumawa da ya ce akuya ce, ya faɗi gajeriyar motar da Rahinatu ta so da yadda ya kawo zancen Achika. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarmar. Dattijo mai shekara kusan sittin, hawaye na bin gemunsa.

Alhaji ya ɗago kai. Bai kalli makullin ba, Hallirun yake kallo, musamman idon na hagu.

"Wata huɗu ina zagin ƙafata," ya ce a hankali, "ashe idonka ne."

"Ranka ya daɗe, ka yafe min."

"Ba motar ce ta dame ni ba. Da ka zo ka ce min, Alhaji, idona ya lalace, doguwar ce za ta taimake ni, wallahi da ni zan ce a sayo ta. In sa kafinta ya yi min matakala, in hau ina dariya, in ce wa Auta don direbana nake hawa. Da sanina zan hau, ka gane? Amma ka bar ni na je ban san komai ba." Ya juyar da kai wajen bango. "Na yafe. Tashi ka je."

Rahinatu da ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Shekara biyu, Baba Halliru. Da Baba a gefenka, da 'ya'yana a baya." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Duk da haka ita ce ta sa shi a mota ta kai shi asibitin ido a Kano, yana zaune a kujerar fasinja karo na farko a rayuwarsa, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Aikin bai kai awa guda ba. Abin da ya shekara biyu yana ɓoyewa, ya jawo duk wannan, ashe na ƙasa da awa guda ne.

Bayan mako shida likita ya ce zai iya tuƙi. Rahinatu ta karɓi doguwar motar, ta aiko da tata, wata gajeriya ta fetur. Ranar Juma'a Halliru ya wanke ta tun da sassafe, ya kawo ta daf da ƙofar soro, ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya. Alhaji ya sa an ɗauko masa babbar riga, ya sa hula, ya dafa sanda ya miƙe. Taku huɗu ya yi. A na biyar gwiwoyin suka ƙi, ya dafa bango, ya sulale ya zauna a kan dakali yana haki. Tsakaninsa da motar bai fi tsawon tabarma ba. Halliru ya matso zai kama shi, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Bari. Ko ka kai ni, can ma ɗauka ta za a yi."

Can Alhaji ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa, ya ce, "Tunda an gyara maka ido, je ka kallo min Kara. Ka duba min shanun da suka shigo, na ina ne, ya ƙafafunsu. Ka ga wa ya zauna a rumfata. Kada ka rage min komai, kada kuma ka ƙara."

Halliru ya rufe ƙofar da ya buɗe, ya zagaya ya shiga, ya tafi shi kaɗai. Haka yake yi har yau, duk Juma'a. Yana zaga Kara lungu-lungu yana haddace abin da ya gani, dillalai suna tambayarsa jikin Alhaji yana cewa da sauƙi. Kafin azahar zai dawo ya tarar da tsohon a soro, sanye da babbar rigarsa, yana jira.